Binne a Gonar Hudu

…kuma wannan ma ya mutu. Nata'ala yana durƙushe kan gwiwa ɗaya, ɗayar ƙafar a miƙe don ba ta lanƙwasuwa, yana tona ramin shuka da yatsa. Rairayi har ya ɗau zafi, hantsi bai gama ɗagawa ba. Ga ƙwayoyin geron nan, sun kumbura, sun fashe, sun fid da 'yar saiwa kamar zare — sannan suka bushe. Ya murza, sai gari. Na gaba. Ja jiki, Nata'ala, ja wannan ƙafar taka ta banza. Na gaban ma haka.

Binne. Shi da bakinsa ya ce a yi binne, a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta ya jira damina. Ai ba shi ya fara ba, rabin mutanen ƙasar Gumel haka suke yi. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In kuwa ya zo da wasa… To, da wasan ya zo. Yayyafi, ɗan abin da zai jiƙa bayan akuya. Ya ta da ƙamshin ƙasa, ya yaudari iri ya farka, ya kama gabansa. Tun ranar sama take fes, ko kunya babu.

Iya, uwarsa, ta faɗa fa. Tsohuwa ba ido, amma daga bakin ɗakinta ba abin da yake wuce ta. Ta ce a shuka zuwa gindin gawon da ke tsakiyar gona, a tsaya nan, a mayar da sauran irin cikin tulu. Haka mijinta Hudu yake yi, haka uban Hudu ya yi. Nata'ala ya ce to. Wallahi ya ce to, kuma da niyyar to ɗin ya fito. Yana gaba yana sara da sungumi, matarsa Safara'u tana biye, tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Suka kai gawo. Ta tsaya da ƙoryar a hannu.

"Maigida, ga gawo."

"Zuba," ya ce.

Zuba! Me ya shiga kansa? Ba jarumta ba ce, ba tawakkali ba ne, kada ma wani ya yi masa wannan ado. Gajiya ce tsagwaronta. Ya dubi sauran gonar, ya hango ranar da ruwa zai sauka: kowa yana tasa gonar, ba mai taya wani, laima ba ta jiran gurgu, shi kuma zai sake ɗauko sungumin nan, ya sake jan ƙafar nan daga farko… A gama kawai. A gama, mutum ya zauna. Safara'u ta dube shi, ta dubi ƙorya, ta zuba. 

Na gaba. Matacce.

Ruwa… A Kamaru, lokacin yaƙi, ina ruwan da bai gani ba? Sama ta ɓalle ba dare ba rana, kaki yana ruɓewa a jikin mutum, tafin ƙafa ya yi fari fat yana saɓulewa. Ana bin Jamus cikin dajin da ba a ganin rana. Ɗantala, mutumin Gagarawa, abokin tafiyarsa tun daga bariki, kullum sai ya ce da za a ba shi tulu ya ɗebi ruwan nan ya kai gida, da ya yi sarauta. Harsashin da ya fasa wa Nata'ala gwiwa, ɗan'uwan harsashin ne ya sami Ɗantala a wuya. Ga shi kwance rigingine, baki buɗe, ruwa yana cika shi yana zuba ta gefe — kuma Nata'ala yana cikin taɓo yana tsine wa ruwan sama, da ƙarfi, da Hausa, har saje ya daka masa tsawa. An ji ne? An ajiye masa ne sai yau? Astagfirullah. A'a. Ruwan Kamaru daban, na Gumel daban. Ko kuwa duk ɗaya ne?

Ba yunwa yake tsoro ba, abin ke nan da ba wanda zai gane. Maƙwabcinsa Cindo zai ba shi iri, ko a samo a kasuwar Maigatari. Gero dai gero ne a cikin tukunya. Amma ba wannan ba. Wannan gajere ne, mai gashi a zangarniya, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, yana nuna tun na mutane suna fid da kai. Kakansa ne ya ɗauko shi a ka daga arewa, shekarar da mayaƙan Damagaram suka ƙone musu gari. Ya bar tabarma, ya bar akuya, ya ɗauko zangarniya. Kuma irin ba ya fita daga gidan. Taurin kan gidan Hudu ke nan, kowa ya san su da shi. Bara waccan Cindo ya roƙi cikin tafi ɗaya, Nata'ala ya murtuke ya ce ba a bayarwa. Ba a bayarwa! Da ya bayar, da yanzu yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sannu, ɗan gado.

Ja jiki. Rana ta fara cin ƙeya.

Shekarar Kakalaba, shekarar yunwar nan da aka riƙa tona gidan tururuwa ana neman hatsi, ana dakan ƙarangiya ana sha — tulun nan yana ƙarƙashin gadon Iya, an toshe bakinsa da toka da yumɓu. Kowa a garin ya cinye irinsa. Hudu ya ce ko za a mutu ba za a taɓa ba. Aka kuwa mutu. Rakiyya, autarsu, ita ta fara. Tana kwance a ɗakin, kanta bai fi taku ɗaya da tulun ba, tana kiran fura. Hudu ya bi ta kafin ruwa ya sauka. Shi kuwa Nata'ala, da ƙafafunsa biyu lafiyayyu a lokacin, ya bi hanyar Kano don an ce Nasara yana ba soja tuwo. Don tuwo. Ba don Nasara ba, ba don Jamus ba, wa ya san su? Wansa Ilu ne ya tsaya, shi da Iya suka shuka tulun, suka raya shi. Nata'ala ya dawo yana dogara sanda, ya tarar annobar mura ta ɗauke Ilu, kukan Iya ya tafi da idonta, amma iri yana nan. Rai nawa tulun nan ya ci? Shi kuma rana ɗaya, kalma ɗaya…

Kuma Iya ba ta sani ba. Nan ne abin yake soke shi. Da safen nan yana neman sandarsa ta kira shi, ta laluba ta kamo hannunsa, ta ce kada ya sa wa ransa damuwa, binne dama haka yake, wataran a ci wataran a sha ƙasa.

"Mun gode Allah da muka bar rabi," ta ce. "In ruwan gaske ya zo sai a fasa tulun."

Safara'u tana tsakar gida tana tankaɗe, hannunta ya tsaya cak. Shi kuwa ya ce, haka ne, Iya. Haka ne! Ya fito kamar ɓarawo daga gidan ubansa.

Ga shi ya wuce gawo, ya gangaro ɗan kwarin da ke gefen sabara, inda ƙasa ta fi duhu. Yatsa ya saba, ba ya ma jiran ido: tona, murza, watsar, ja jiki. Tona, murza — sanyi.

Ya tsaya.

Danshi ne a ƙarƙashin farcensa. Ya buɗe tafin a hankali. 'Yar saiwa fara sol, mai ruwa a jika, da ɗan kore-kore yana shirin hudo ƙasa. Mai rai. Mai rai ne, kuma ya riga ya tsinke shi gida biyu.

Ya waiwaya. Layin ramuka ne a bayansa, buɗe, tun daga gindin gawo har zuwa gwiwarsa, rana tana zuba a cikinsu. Tun yaushe ƙasar ta fara sanyi? A rami na nawa ya daina dubawa? Na bayan nan, da wanda ke bayansa, da wancan… ya duba kuwa, ko murzawa kawai ya yi?

A gabansa saura layi biyu ko uku kafin iyakar Cindo. In ya tona, ya kashe. In bai tona ba, me zai je ya ce wa Iya — akwai, ko babu? Ya mayar da tsinkakken tsiron cikin raminsa, ya ja rairayi ya rufe, ya dafa tafinsa a kai don ya tare masa rana. Ya san ba zai tashi ba. Ya sani. Hannun dai ya ƙi ɗagawa…