Tabon Babban Yatsa

Da sassafe motar babban kanti ta dawo da kwalayen tuffa shagon Maman Ayo a Tarauni. Direban ko gaisuwa bai yi ba ya hau sauke su.

"Madam, sun ce wannan ba lamba ɗaya ba ce. Sun ma koma wa wani dillalin. Buɗe ki gani."

Isyaku na tsaye da tsintsiya a hannu. Shi ya tantance su jiya, shi ya jera. Tun da ya baro ƙauyensu can bayan Rano bai san kowa a Kano ba sai Bayarabiyar nan da ta ɗauke shi dako, ta ba shi makullin shago yake kwana a ciki. Jiya ne ta fara yarda ya taɓa kaya.

"Lamba ɗaya girmansu ɗaya, jajaye, ba tabo ba huji," ta ce masa a lokacin. "Kowace a gurbinta. Mai lahani ka ware wa masu baro."

Ya yi yadda ta ce, har ya ƙara da nasa. Ɗan masu lambun mangwaro ne, kuma a garinsu ba a sa ɗan itace a kwando sai an latsa shi da babban yatsa an ji nunarsa. Da tuffar ta yi masa tauri sai ya riƙa dannawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Maman Ayo ta buɗe kwali ta ɗauko ɗaya. Ga tabo ruwan ƙasa a gefenta. Ta ɗauko wata, haka. Kwali na gaba ma haka.

Direban ya yi dariya. "Ɓeran shagonku ɗan tsari ne, wuri ɗaya yake taɓawa."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannun Isyaku ta ɗora babban yatsansa a kan tabon. Ya zauna daram.

"Isyaku, me ka yi wa kayana?"

"Mama, nunarsu na duba. Kada a kai wa mutane ɗanya."

"Tuffa ce fa, ba mangwaro ba! In ka latsa ta, ta ciki take ƙujewa, sai ta kwana ta nuna maka." Ta miƙo hannu. "Kawo makullina."

"Mama, a ina zan kwana?"

Ta kau da kai. Ta cika leda da masu tabon ta danƙa masa, ta juya wajen kwalayen.

Ya bi titi har Gyaɗi-Gyaɗi, 'yan Adaidaita na ta danna masa hon. Ya zauna a barandar wani shago da ba a buɗe ba, ya ciro ɗaya. Duk dakon da ya yi mata bai taɓa ɗanɗana tuffa ba. Ya gatsa daidai kan tabon. Laushi, ga zaƙi.

"Wallahi nunanniya ce," ya ce, ya waiga.

Babu wanda ya tsaya. Ya ɗaure bakin ledar a hankali, ya rungume ta, yana kallon barandar ko za ta isa mutum ya miƙe ƙafa.