Faifan Ermelinda Zunino

Na dawo Buenos Aires daga Leipzig ta ƙasar Jamus da takardar shaidar karatun kiɗa, ba kuwa wanda ya nemi ganinta. Kawuna Telmo Barbagelata ya ba ni ɗakin da ke saman shagonsa na gyaran agogo a San Telmo, ya kuma laƙaba mini suna Bajamushe. Ina yaro aka tura ni waje. Unguwar ta manta sunana, ni ma ban matsa ba.

A bayan shagon akwai ɗaki marar taga. Nan Kawu yake ajiye fayafayan garmaho, kanta bisa kanta har rufi, duk na mawaƙan opera na farkon ƙarni, waɗanda suka yi waƙa cikin ƙaho tun ba a fara ɗaukar murya da lantarki ba. Ran Asabar bayan abincin rana abokansa sukan taru. Mutane ne da suka ƙare ƙuruciyarsu a tsaye can ƙololuwar benen gidan opera, suna tafi ko suna ihu. Ƙoƙon shayin da ake kira mate yana zagayawa, suna zagin matattu.

"Wannan ba waƙa yake ba, jirgin ruwa yake kira," in ji Don Celedonio, tsohon direban tarago, wanda bai taɓa fashin zuwa ba.

"Kunnenka ya riga matarka mutuwa," in ji Kawu. "Miƙo ƙoƙon, ba gadonka ba ne."

Faifai ɗaya ne ba ya kan kanta. Na Ermelinda Zunino ne, 'yar unguwar La Boca, wadda ta je Milan aka ɗauki muryarta sau ɗaya tak, ta dawo gida ta yi waƙa shekara biyu, ta daina. A Turai an koya mana cewa ko guda bai saura ba. Kawu yana ɓoye nasa a cikin wani dogon agogon tsaye, bayan ƙarfen da ke lilo. Sau ɗaya ya sa mini shi. Na ce a kai shi a kwafa tun bai lalace ba.

"A kwafa? Don kowane mai wankin mota ya samu nasa? Kai dai Bajamushe ne."

Damuwata gudun faifan ce. A zamanin da aka yi shi kowane inji da irin juyinsa. In ka ƙara masa gudu kaɗan sai ta koma yarinya, in ka rage sai ta tsufa. Ina son in rubuta a kanta, ina bukatar wanda ya san muryarta a kunne. Abin da aka koya mini ke nan: ka nemi wanda ya ji. Mai sharar cocin La Boca ya ce ɗanta na nan, mahauci ne a kasuwa. Na tafi ban shawarci kowa ba.

Fulvio Zunino ƙato ne, ya ba arba'in baya, wuyansa da kansa kauri ɗaya. Yana saran haƙarƙari na isa.

"Me za a yanko maka, ɗan gayu?"

"Tambaya na zo yi. A kan muryar mahaifiyarka."

Ya ajiye addar. Ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa.

"A ina ka ji ta?"

"A faifai."

"Na wa?"

Ya yi tambayar a tausashe, na faɗa masa. Bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyina ba. Ya ce, "Ka gai da Don Telmo. Ka ce masa Fulvio na nan tafe."

Muna cin abinci na isar da gaisuwar. Kawu ya ajiye cokali, ya miƙo hannu ta saman tukunya ya wanka mini mari. Sannan ya ba ni labarin, a taƙaice, yana kallon miya.

A lokacin 'yan benen sama sun rabu biyu, masu Ermelinda da masu wata Basifaniya. Kawu ne jagoran masu Basifaniyar. Suka sayi faifan Ermelinda, suka ɗora garmaho a amalanke, suka kafa shi a ƙofar gidanta, suka ƙure masa gudu. Muryar ta koma kamar ta kazar da ake fige wa gashi da rai. Kullum sai sun je. Unguwa ta yi ta dariya, yara suna kwaikwayo a bayanta in ta fito sayen burodi. Ba ta sake hawa dandali ba, ba ta kuma yi tsawon rai ba. Fulvio yana da shekara takwas, yana leƙe ta taga.

"Tun da ya kawo ƙarfi yake farautar faifan. Ya karya wa wani likitan haƙori muƙamuƙi a Rosario a kan guda. A Montevideo rumfar mutum ya ƙona. Yana zaton ya gama."

"Wannan fa?"

"Shi ne na kan amalanken." Ya ɗauki cokalinsa. "Mun yi kuskure a kan muryarta. Ta fi Basifaniyar."

Na ce a gaya wa 'yan sanda. Ya ce su zo su taɓa masa kaya da waɗannan hannuwan nasu? Na ce to a kai faifan wani gida. Ya ce duwatsun titin San Telmo sun tsaga faifan da ya fi shi ƙwari a hanya.

Ran Asabar Fulvio ya zo. Mu uku ne a ɗakin baya, ruwan sama ya hana sauran. Ya sa kwat da hular zuwa coci, a hannunsa ƙarfen wasa wuƙa. Ya kulle ƙofar shago ta ciki, ya jefa makullin a aljihu.

"A'a, yau har gida ake kawo nama?" in ji Don Celedonio.

Ƙarfen ya same shi a baki. Ya faɗi da kujerarsa, ƙoƙon mate ya gangara ƙarƙashin tebur. Na miƙe. Ban ga tahowar naushin ba, sai dai na ji ƙeyata ta bugi kanta, idona na hagu ya rufe.

"Don Telmo, ka tsufa," in ji Fulvio. "Ina yake?"

"Na sayar tuntuni."

"Bajamushenka ya ce ya ji shi."

"Bajamushena jaki ne."

Fulvio ya zaro faifai daga kanta, ya karanta takardar tsakiya, ya karya shi a gwiwa. Ya zaro wani. Tsohon faifai ba ya lanƙwasa, fashewa yake kamar tangaran. Da farko ɗaya bayan ɗaya yake yi, yana kallon fuskar Kawu. Da ya gaji da karatu sai ya zura ƙarfen bayan jeri ya share kanta guda zuwa ƙasa. Sai ta biyu. Kawu yana tsaye, leɓensa na motsi. Sunayen mawaƙan yake kira yayin da suke zuba, wasu har da garin da ya samo su.

"Wancan na Warsaw ne, ɗan iska! Huɗu suka rage a duniya!"

"Saura uku. Ina yake?"

Kawu ya kau da kai. Baƙin ɓaraguzai ya kai idon sawu. Don Celedonio yana rarrafe a ciki yana neman haƙorinsa, tafin hannunsa duk yanka.

Da kantocin suka ƙare, Fulvio ya cire kwat ya rataye a ƙusa. Ya kamo hannun Kawu na dama ya shimfiɗa a kan tebur, hannun da yake gyara agogo da shi.

"Da wanne kake wana garmahon a ƙofar gidanmu? Da wannan?"

Ya sauke ƙarfen a kan ɗan yatsan ƙarshe. Ƙarar ba ta kai ta faifai ba. Kawu ya durƙusa, hannun na nan a danne.

"Ina yake?"

"Je ka tambayi uwarka."

Ya karya na kusa da shi. Kawu ya yi amai a kan takalminsa, ya ɗago ya dubi Fulvio. Na ga ba zai faɗa ba ko da za a bi ta kan goman. Na dafa bango na fita shago, na buɗe cikin dogon agogon, na ɗauko faifan a rigarsa ta kwali.

"Maci amana," in ji Kawu. "Ɗan ƙanwata. Da ka mutu a can."

Fulvio ya karɓa. Na jira in ji ƙarar. Ya daɗe yana duban takardar tsakiya, inda aka buga sunanta da ruwan zinariya. Sai ya miƙo mini.

"Sa shi."

"Da ƙaya!" Kawu ya yi ƙara daga ƙasa. "Don Allah da ƙaya, Fulvio! Kada ƙarfe ya taɓa shi!"

Kawu ba ya sa wa tsofaffin fayafayai allurar ƙarfe. Ƙayar wani icen hamada yake feƙewa, ita ke cinyewa, faifan ya tsira. Amma akwatin ƙayar yana ƙarƙashin ɓaraguzai. Fulvio ya buɗe gwangwanin allurar ƙarfe da ake sa wa fayafayan rawa, ya ɗauki guda ya ɗaura da kansa. Na wana garmahon. Ya kama maɓallin gudu ya murɗa shi har ƙarshe.

Abin da ya fito daga ƙahon tsuwa ce mai rawa, da fiyano yana tsere a bayanta.

"Haka kuka sa shi, ko? Ban manta ba. To yi dariya."

Kawu bai motsa ba. Fulvio ya taka hannun da ya karye.

"Na ce yi dariya, Don Telmo. Kai ne mai babbar murya a cikinsu."

Kawu ya yi dariya. Ya yi ta yi har faifan ya kai ƙarshe, hawaye da majina suna shiga bakinsa.

"Wana," Fulvio ya ce mini.

A karo na biyu ya riƙe maɓallin yana sassautawa kaɗan-kaɗan. Tsuwar ta sauka, ta yi kauri, ta zama mace. Ya wuce, ya dawo baya kaɗan, ya saki. Murya ce mai duhu a ƙasa, tana hawa ba tare da an ji inda ta canja ba, kuma kafin babban hawan ana jin ta ja numfashi. Na yi ƙoƙarin ganin inda ya tsayar da maɓallin. Ido ɗaya a rufe, ɗayan jini ya cika shi. Ban gani ba.

Fulvio ya jawo kujerar Don Celedonio ya zauna dab da ƙahon, ƙarfen a kan cinyarsa.

"Wana."

"Canja allurar," in ji Kawu. "Sau ɗaya ake amfani da ita. Fulvio, ɗana, canja allurar."

"Ni ba ɗanka ba ne. Wana, Bajamushe."

Allurar ƙarfe in ta bi faifai sau ɗaya bakinta ya dakushe, daga nan kuma sassaƙa take. Na sani, Kawu ya sani. Ban san ko Fulvio ya sani ba sai da na ga ya ɗora babban yatsansa a kan abin da ke riƙe da allurar yana dannawa.

Na yi ta wanawa. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar shago yana kiran Don Telmo a kan agogonsa, ya gaji ya tafi. Toka-tokan gari ya fara taruwa a bakin allurar. Babban hawan ne ya fara tafiya, ya dushe, ya koma ƙarar yage ƙyalle. Sai fiyanon. Kawu ya bar roƙo ya koma tayi: ya ce zai durƙusa a kasuwar La Boca gaban kowa, ya ce a karya sauran yatsun, ya ce Fulvio ya tafi da faifan gida ya ajiye, nasa ne, ya dai cire allurar. Fulvio bai ko waiwaya ba. Kansa na cikin ƙahon, idonsa a buɗe, a bushe. Duk sanda faifan ya ƙare sai ya ce, "Wana."

Kafaɗata ta mutu, na koma hannun hagu. Muryar ta yi ta nisa kamar ana rufe ƙofofi tsakaninmu da ita. Can sai wuraren da muryar ta yi ƙasa kawai ake ji. Daga baya ko su babu, sai shuuu, da wani abu a ƙarƙashi wanda mai son ya ji zai ce mutum ne.

Ya saurari wannan ma har ƙarshe. Sannan ya ɗaga allurar, ya cire faifan, ya hure garin, ya mayar da shi cikin rigarsa, ya ajiye a gaban Kawu.

"Ga kayanka, Don Telmo. Ban fasa ba."

Ya sa kwat ɗinsa, ya buɗe ƙofa, ya bar makullin a jiki.

Ruwan ya tsaya. Na tsayar da motar haya, na sa Don Celedonio a gaba da tsumma a baki, ni da Kawu a baya. Direban ya dube mu ta madubi ya ce kada a ɓata masa kujera. Kawu ya ƙi barin faifan a shago. Yana rungume da shi da hannun hagu, na daman a kan gwiwa, ya kumbura ya yi baƙi.

Mun kusa asibiti ya jingino kansa kusa da kunnena.

"Takardar tsakiya ba ta yi komai ba," ya ce. "Ko ƙwarzane babu. Ka duba?"

"Na duba."

"To ka kama bakinka. Kai ma, Celedonio. Wanda ya tambaya, a ce masa ba na sa shi ne don ina tattalinsa."

Don Celedonio ya ce wani abu cikin tsumman, ba a ji ba. Direban ya tambaya ƙofar gaba ko ta baya.