Naɗin Kabejin Baffa

Kwana uku Malam Hammawa bai sa komai a bakinsa ba, tun da aka dawo da shi Katagum daga asibiti da shanyayyen hannun dama. Ran na huɗu ya ce wa ƙanwarsa, Goggo Talatu, yana marmarin naɗin kabejin da marigayiya matarsa take yi.

'Yarsa Saliha ce ta shiga madafa. Ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa har ya yi laushi, ta cuɗa shinkafa da niƙaƙƙen nama da attaruhu, ta dinga naɗewa. Uku suka yage kafin hannunta ya faɗa.

"Yi maza ke dai," in ji Goggo, tana yafa mayafi za ta unguwa. "Marmarin majinyaci ba ya jira."

Saliha ta jera su a kula, ta murɗe murfin tam don kada su huce, ta ajiye gefen shimfiɗarsa ta fito. Ita ce 'yar fari. Tun da take, Baffa, kamar yadda take kiran mahaifin nata, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai kuma taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar Fulani.

Bayan la'asar ta koma. Kular tana kwance a ƙasa, murfin a rufe yadda ta bar shi, sai shatin haƙora a gefensa, alamar hannu ɗaya bai iya murɗe shi ba. Baffa ya juya fuskarsa bango.

"Sannu, Baffa."

"Ya yi daɗi," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Ta ɗauki kular, nauyinta na nan yadda ta kawo shi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa buɗe kular, ta kasa fita.