Tausar Baba Zuberu

Ciniki ya faɗa a zauren Baba Zuberu da ke unguwar Nima a birnin Accra. Zai riƙa yi wa ƙafar Hajiya Sahada tausa kullum da safe har kumburin ya sauka, ita kuma ta aiko masa da albasa rabin buhu.

"Ta Galmi fa, ba ta Bawku ba," in ji shi.

"Haba Baba, tsoho da kai sai kwaɗayi! Ta Galmi ce. Ni dai ka tashe ni, kayana na jira a kasuwar Malam Atta."

Tausa gadon gidansu Baba Zuberu ce. 'Yan ƙwallo, masu dako, direbobin motocin haya na trotro, duk sun san hannunsa. Ita kuwa Sahada ya san ta tun tana goye. Daga Nijar ta taso a gaban babbar motar albasa, gwiwa a naɗe duk tsawon hanya, ko ruwa ba ta sha sosai ba don kada ta riƙa tsayar da direba. Tana sauka sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri kamar ɗanyen rogo.

"Jini ne ya kwanta," ya ce. "Korar sa za mu yi."

Ya ɗumama man kaɗanya, ya kafa manyan yatsunsa a idon sawu, ya turo da ƙarfi zuwa gwiwa. Ta yi ƙara. Ya ce zafin ai shi ne maganin. Bai gama ba sai ta yi tari, ta dafe ƙirji.

"Baba... numfashina."

Ya taɓa ganin kuka, ya taɓa jin zagi, amma bai taɓa ganin leɓen mutum ya sake launi a hannunsa ba. Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya fita titi yana daka wa mai tasi tsawa.

A asibiti aka sa mata iska a hanci, aka yi mata allurar tsinka jini. Aka ce wa Baba Zuberu ya tafi gida, ya ƙi. Da ta ɗan farfaɗo, likitar, wata Fauziya 'yar unguwar Maamobi, ta ga tsoho ƙafa ba takalmi a bakin ƙofa, ta kira shi ciki.

"Baba, kai ne mai tausar?"

"Ni ne, 'yata." Ya sunkuyar da kai.

"Zo ka gani."

Ta ɗora wani ɗan ƙarfe a lafiyayyar ƙafar, hoto ya fito a allo. Ta danna a hankali, wani baƙin zobe ya rufe, ta saki ya buɗe.

"Jijiyar jini ke nan. Mai lafiya, in an danna sai ta lotsa." Ta koma ƙafar hagu ta danna. Zoben ya tsaya ƙyam. "Wannan ta ƙi. Akwai gudan jini a ciki."

"Ashe ku ma dannawa kuke yi," ya ce a hankali.

"Muna yi, amma kaɗan, kuma ido na kallo. Baba, jini in yana gudu ba ya daskarewa haka kawai. Naman sharaɓa ne ke tura shi sama duk sanda mutum ya taka ƙasa. In aka naɗe ƙafa aka daɗe, sai ya yi sanyin tafiya ya fara haɗuwa. Gudan da ya haɗu a irin wannan wuri laushi gare shi, bai kama bango sosai ba. In ƙarfi ya taɓa shi sai ya ɓalle, jini ya ɗauke shi zuwa huhu."

"To ni na ɓalle shi."

"Yana iya ɓallewa da kansa ma. Kuma kai ka kawo ta da wuri."

Ya tsaya yana kallon yatsunsa, har yanzu da maiƙon kaɗanya.

"Ka daina wannan fuskar, Baba," Sahada ta ce daga kan gado. "Ni na kawo maka ƙafar, ba kai ka zo nema ba."

Ta warke. Aka sallame ta da ƙwayoyi da doguwar safa mai matse ƙafa, wadda take zagi kullum saboda zafin Accra amma ba ta cirewa. Yanzu a hanyar Nijar ita ke tsayar da direba, ta sauka ta taka ƙasa, in ya yi ƙorafi ta ce ya kai ƙara.

Baba Zuberu kuwa, duk wanda ya kawo masa ƙafa ɗaya a kumbure da zafi ba tare da targaɗe ba, ba ya taɓawa. Sai ya ce a je a duba da na'ura tukuna. Masu dako ba su da wannan haƙurin. Suka ce hannun tsoho ya mutu, suka koma wajen wani saurayi a unguwar New Town da ke murza duk abin da aka miƙa masa.

Sahada ta tsira da ranta, saurayin New Town ya samu jama'a. Wanda ya yi asara Baba Zuberu ne, da benci ya fara zama wayam a zaurensa, kuma bai sake shawara ba.