Cikin Kubura

"Kak ki hwaɗa mata, Bintu," in ji Tahiru, yana tsaye a bayan darnin da ya raba gidanmu da nasu. Saukarsu ke nan daga motar Yamai, inda ya kai matarsa asibiti, ko ruwa bai sha ba. "Lokotoro ya ce ba ɗa na ba, ciwon daji na. Wai masu irin ciwon maratta, wasu kan gamu da shi, ba duka ba."

Duk Filinge ya rasa wanda zai ba sirri sai ni, da kowa ya san bakina ba shi da linzami.

Kubura matarsa ce, ƙawata tun muna yara. Tun tana budurwa, duk wata sai mara ta kayar da ita, ta yi ta birgima a tabarma, ina gasa dutse ina naɗe mata a tsumma. Tsofaffi suka ce haihuwa ce maganinsa. Aka yi aure, har furfura ta fara leƙowa, haihuwa shiru. Kwatsam a daminar nan cikinta ya taso. Unguwa ta ɗauka cewa kwantaccen ciki ne, wanda ya shekara da shekaru yana barci, Allah ya tashe shi. Har guɗa aka yi, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Na daure har aka yanke gero. Kullum in kai mata kunu, ta kurɓi kaɗan ta ture. Hannuwanta suka koma kamar kara, ciki kuwa sai girma. Tausayinta ya cika ni, ga tsoron kada ta tafi tana jiran suna, ba ta yi bankwana da kowa ba.

Ranar Lahadi, an watse kasuwa, ta kama bakin zanena.

"Shirun ga bai yi miki kyau, Bintu. Yaushe kinka zama malama?"

Na buɗe baki, ta girgiza kai.

"Na sani. Ɗa bai cizo haka. Ciwona na na da, tare munka tsuhwa." Ta huta. "Ki yahe mini. Amma kak ki hwaɗa ma maigida. Tun da munka yi aure ban ji shi shina waƙa gona ba sai bana."

Na ce na yafe, na yi kuka har ita ta koma lallashina.

Da la'asar Tahiru ya shigo, ya tsuguna a gefen tabarma, ya ɗora tafinsa a kan cikin a hankali.

"Ya motsa yau?"

"Ya motsa, maigida."

"Madalla. Ɗan nema na, kamar uwatai."

Ta yi murmushi ta rufe ido. Ni ina bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. Na ga lokacin da zanen ƙirjinta ya daina ɗagawa. Aka kira magariba, tantabaru suka koma ɗakinsu, Tahiru bai ɗauke hannunsa ba.