Shuɗiyar Rigar Gwaggo Dovie

Saura ƙiris ban rubuta wannan labari ba, don ni da Twyla jirgi ɗaya ya kwaso mu wajen kunya. Ita ce da kanta ta ce in rubuta, tunda garin kowa ya riga ya ji, kuma kowa ya ƙara masa gishiri.

A bazarar nan ne majalisar jiha ta ɗauko ƙudurin doka a kan asibitocin da ake zubar da ciki. Aka ce sai kowannensu ya zama kamar babban asibitin tiyata, har hanyar da ke tsakanin ɗakuna sai ta isa gadaje biyu su wuce juna. Asibitin mata na garin su Twyla kuwa tsohon gida ne, mutum biyu ma sai sun karkata. In dokar ta wuce, rufewa ce.

Gari ya rabu biyu. Masu son dokar suka sa shuɗiyar riga, masu ƙin ta suka sa ruwan goro. Aka sa ranar da kowa zai iya zuwa gaban kwamitin majalisa ya faɗi ra'ayinsa.

Twyla tana son zuwa. A asibitin nan aka gano mata ƙari a nono tun yana ɗan tsito, aka tura ta aka cire. Amma akwai Gwaggo Dovie, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta. Gwaggo ta yi ɓari sau da yawa, ba ta samu haihuwa ba, kuma a wurinta kowane ciki rai ne da ya kamata a bari ya zo duniya. Twyla ba ta taɓa yi mata musu ba, ko a kan gishirin miya. Tsoronta ɗaya, kada ta buɗe baki ta rasa Gwaggo.

Ga shi ba ta da mota. Motar da za ta babban birni ranar ɗaya ce, bas ɗin cocin su Gwaggo.

"Ashe 'yar tawa ta girma!" in ji Gwaggo da ta gan ta a bakin bas. Ta zaro shuɗiyar riga ta zura mata. Rigar ta kai gwiwa. A ƙarƙashi kuwa Twyla na sanye da riga ruwan goro, ta ɓoye ta da rigar sanyi. Dabarar Twyla ita ce in an isa ta shiga banɗaki ta tuɓe na saman.

Na'urar sanyaya bas ɗin ta mutu tun kafin a bar gari. Mata suna waƙoƙin coci, ana miƙa soyayyar kaza da shayi mai ƙanƙara daga kujera zuwa kujera. Twyla tana ta tsiyayar gumi.

"Ke, rigar sanyi a wannan zafi? Dafa kanki za ki yi mu ci a hanya?"

"Mura nake ji, Gwaggo."

"Mura! Ungo cinya, ke dai ba kya cin abinci."

A majalisa layin banɗaki ya fi na masu magana tsawo. Duk sanda Twyla ta miƙe, sai Gwaggo ta ce, "Riƙe min jaka." Haka aka yini. Tana riƙe da jakar aka kira sunanta.

Ta taso cikin shuɗiyar riga har gwiwa. Ɓangaren shuɗi ya ɗauki tafi. Gwaggo ta zunguri ta kusa da ita, "Tawa ce, ni na raine ta." 'Yan ruwan goro suka kawar da kai.

Shugaban kwamiti ya ce ta matso kusa da abin magana.

"Ni dai... ina roƙo kada a rufe mana asibiti."

Tafin ya tsaya cak. Shugaban ya sauke tabarau ya dubi rigar.

"'Yammata, kina goyon bayan ƙudurin ne ko kina adawa?"

"Adawa nake, ranka ya daɗe."

"To rigar fa?"

"Ta gwaggona ce. Ban samu shiga banɗaki ba."

Dariya ta ɓarke ta kowane ɓangare. Dariyar ce ta kwance mata harshe. Ta faɗi zancen ƙarin da aka gano mata. Ta ce ta san ana zubar da ciki a wurin, ta san wannan yana ci wa mutanen kirki rai, har da wadda ta fi so a duniya. Amma in an rufe, asibitin da ya rage tafiyar yini guda ce. "An ce mu hau mota mu je. Ni ko nan ma, sai da na shigo bas ɗin waɗanda ba mu yarda da juna ba. Sun ba ni kaza kuma." Jar fitila ta kama, alamar lokacinta ya ƙare. Ta dawo ta miƙa wa Gwaggo jakarta ba tare da ta ɗaga ido ba.

Wata 'yar ruwan goro ta ce ta zo su rage mata hanya. Twyla ta gode, ta nufi bas. Ba wanda ya yi waƙa. Kujerar gefen Gwaggo tana nan babu kowa, sai jaka a kai. Twyla ta tsaya. Can Gwaggo ta janye jakar, idonta na kan taga.

Rana ta faɗi suka shigo gari. Twyla za ta sauka ke nan Gwaggo ta juyo gare ta.

"Ba ki da gaskiya, kin ji ko? Ko kusa."

"Na ji, Gwaggo."

"Kuma kika bar ni ina ta zungurin mutane. Rigar nan ta coci ce, ki wanke ta. Ba aike za ki yi ba, da ƙafarki za ki kawo."

Washegari Twyla ta wanke shuɗiyar rigar, ta goge ta, ta ninke. Ta sa ruwan goron a jikinta, babu komai a kai, ta taka har gidan. Ta taga ta hango kofuna biyu a kan tebur. Ta ƙwanƙwasa.

"A buɗe take," in ji Gwaggo daga kicin. "Shigo, ban gama da ke ba."