Taɓon Dei-Dei

Murtala ya ɗora ƙafa a kan dakalin alwala na wani masallaci a Area 1 yana dirje ta da dutse. Jan taɓon Dei-Dei ba ya fita da ruwa kawai. Ya shiga tsakanin yatsu, ya kama bakin wando, ga kuma abin da shanu suka ƙara masa. Da ya gama sai ya cusa takalmin robarsa cikin baƙar leda, ya ƙulle, ya jefa a jakar baya. Ya zaro baƙin sau-ciki mai sheƙi na abokinsa Obadiah ya saka. Ya matse shi, amma takalmin aro ba a yi masa ƙorafi.

Obadiah na tsaye a bakin ƙofa, katin aiki rataye a wuyansa. Tare suka yi difloma a kan kwamfuta. Shi ya samu aiki a wani ofis a Garki tun bara. Murtala kuwa har masu gadin ofisoshi sun fara gane fuskarsa.

"Maimaita min," in ji Obadiah. "A ina kake zaune?"

"Area 11."

"Wajen wa?"

"Wajen yayana."

"Yauwa. Kada ka kuskura ka ce Dei-Dei. Da sun ji, sun gama da kai. Za su ce gosulon hanyar Kubwa zai riƙe ka har rana ta take. Ni ɗin nan Mararaba nake kwana, amma a ofis ɗan Area 3 ne ni."

"Ai wancan karon ba unguwa suka tambaya ba. Experience suka ce."

"Experience ba ka da shi, wannan ba yadda za mu yi. Amma unguwa bakinka ne. Ɗan Fulani, yau dai ka bar gaskiyar nan taka a ruga, in ka koma ka ɗauka."

Murtala bai yi dariya ba. Da asuba mahaifinsa, Baffa Maude, dillalin shanu a karar Dei-Dei, ya tare shi a ƙofar gida. Mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce gobe tirelar ƙaninsa Badamasi za ta tashi da shanu zuwa Legas, kuma ana neman wanda zai hau baya ya riƙa tayar da wadda ta kwanta.

"In yau ma ka dawo min da 'za mu kira ka', gobe kana saman motar nan," in ji shi.

Ba mugunta ba ce. Bijimi ya sayar ya kai shi makaranta, ya sake sayar da wani ya saya masa kwamfuta. Ya jira ya gaji. Shi kuma Murtala ya san wanda ya hau motar shanu sau ɗaya ya hau ke nan. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: kujera, iyakwandishan, kati a wuya, da rigar da za ta wuni ba ta ɗauki warin kashin shanu ba.

Ofishin da ya zo neman aikin yana nan Garki, a hawa na biyu, na wani kamfani ne mai sayar da tayil da siminti da rodi. Matasa sun cika benci, kowa da fayil a cinya, kowa takalminsa na sheƙi. Ba mai yi wa wani magana. Aka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. Murtala ya zauna har yunwa ta zo ta wuce, ɗan yatsan ƙafarsa na zugi, kafin aka kira sunansa.

Madam Prudence ce mai ɗaukar ma'aikata, mace mai jiki, tabarau a kan hanci. Kallo ɗaya za ka san ita ma ta gaji. Ta fara da Turanci, da ta ga sunansa ta juya Hausa irin ta mutanen Jos.

"Murtala Maude. A ina kake zama?"

"Area 11, Madam. Wajen yayana."

Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai.

"Ka taɓa aiki a wani wuri?"

"A ofis dai a'a. Amma ina gyara wa 'yan kasuwa injin POS. Na haɗa kyamara a shaguna. Na ja wayar intanet, na saita firinta."

"A wace kasuwa? Ba ni sunan mutum ɗaya in kira shi."

Duk wanda ya taɓa yi wa aiki a Dei-Dei yake: masu katako, masu fenti, dillalan kara. Kowannensu in aka kira shi, abin da zai fara cewa shi ne, ai ɗan Maude ne na bayan kara.

"Nan da can ne, Madam."

"Nan da can," ta maimaita. "To ba experience ke nan."

Ta cire tabarau ta murza ido.

"Bari in gaya maka gaskiya, kada in ɓata maka lokaci. Experience ɗin ma da zan iya haƙura, aikin ba wani babba ba ne. Matsalar, ba a nan ofis aikin yake ba. A sitonmu na Dei-Dei ne. Motoci suna lodi tun da sassafe. In netwok ya ɗauke, ba rasit, ba motar da za ta fita, direbobi su yi ta zagin oga a waya. Mun ɗauki yaro daga Wuse, ya gudu. Mun ɗauki na Gwarinpa, kullum yana hanya. Yanzu oga ya ce sai wanda zai iya takowa da ƙafa. Tun safe kuma duk wanda ya shigo ɗan Area kaza ne."

Murtala ya gyara zama.

"Zan iya komawa can, Madam."

Ta yi wata gajeriyar dariya.

"Haka na Wuse ya ce. Ka taɓa shiga Dei-Dei da damina? Dubi takalminka. Bangon sitonmu da kasuwar shanu a haɗe suke. Ƙuda, wari, taɓo har gwiwa. Ku yaran gari ba za ku iya ba. Ka je, in wani abu ya fito a nan za mu kira ka."

Za mu kira ka. Ya miƙe, ya saɓa jaka, ya kai har ƙofa ya kama hannunta. Idan ya fita, mutuncinsa na nan, gobe kuma yana saman tirela. Idan ya juya, ya zama maƙaryaci a gaban matar da bai taɓa gani ba sai yau. Ya tsaya har ta ce, "Lafiya?"

Ya dawo. Ya sauke jakar, ya zaro baƙar ledar, ya kwance ƙullin. Ya ajiye takalmin robar a ƙasa gaban teburinta. Taɓon bai gama bushewa ba. Warin ya tashi a hankali ya bi iskar iyakwandishan.

"Nawa ne, Madam. Da su na fito yau. Wannan na ƙafata na aro ne."

Ta leƙo ta kan tebur ta daɗe tana kallo.

"Wane launi ne get ɗin sitonmu?"

"In mai famfo a jikin bango ne, kore. A nan muke shayar da shanu."

"To wacce ce ƙaryar, ta ɗazu ko ta yanzu?"

"Ta ɗazu."

"Wa ya koya maka?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin aron.

"Ba sai ka faɗa ba. Area 11 ɗin nan, da duk masu cewa a can suke a can suke, da ta fashe." Ta mayar da tabaranta. "Ɗauke min abin nan daga kan kafet. Ka ba ni lambar mutum biyu cikin waɗanda ka yi wa aiki. Litinin ka je wajen mai kula da siton, gwaji ne na wata ɗaya. Ofishin kwantena ce, akwai fanka in da wuta. Kuma makulli yana hannunsa, ba naka ba. Wanda ya fara min da ƙarya ba na ba shi makulli sai na gani."

"Na gode, Madam."

"Kada ka gode tukuna."

A ƙasa ya cire sau-cikin. Ɗan yatsan ya yi bororo. Ya saka robarsa ya taka har ofishin Obadiah ya miƙa masa takalminsa a leda.

"Yaya? Sun tambayi unguwa?"

"Sun tambaya."

"Ka ga! Me na gaya maka? Ka samu?"

"Gwaji."

"A ina za su sa ka? Hawa na biyun nan?"

"Dei-Dei."

Obadiah ya bi shi da kallo. Murtala ba shi da ƙarfin bayani. Ya wuce tasha.

Motar ta yi ta jan ciki a hanyar Kubwa, ruwa na yayyafi, kwandasta na faɗa da wata mata a kan kayanta. La'asar ta yi sanyi kafin ya sauka. Ya bi ta masu katako, ya wuce koren get ɗin bai kalle shi ba. A kara an riga an jingina tirelar Badamasi da tudun lodi. Baffa Maude na zaune a kan benci, sanda a tsakanin gwiwoyi.

"Za su kira ka?"

"Sun ɗauke ni, Baffa. Litinin zan fara."

Tsohon ya waiga wajen tirelar. Ya ɗaga murya ya gaya wa Badamasi ya nemi wani. Sannan ya juyo.

"A ina ofishin yake?"

Murtala ya nuna da haɓa. Baffa ya bi wurin da ido har kan bangon, inda wata saniya ke sosa wuyanta a jikin famfo.

"Nan?"

"Nan."

"Sai da ka je Garki ka samo bayan gidanku."

Ya dogara sanda ya tashi, ya karkaɗe rigarsa.

"To madalla. Tunda hanya ɗaya ce, da safe sai ka kora shanun su sha ruwa kafin ka shiga."